Samanja a Cikin Memori: Nazari a Kan Tsofaffin Wasannin Barkwanci da Yankan da Ake Yi Musu

Ana jajibirin ƙaramar Sallah na tsaya a wata rumfar masu tura fina-finai a waya, a kan titin da ya taso daga Ƙofar Ƙaura ya nufi cikin birnin Katsina. Saƙon kawuna ne ya kai ni. Ya haura shekara saba'in, ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, ya ce ba abin da yake marmari kamar ya sake ganin Samanja. Yaron rumfar, wanda da ƙyar in ya kai ashirin da biyar, ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa.

"Baba, ga su nan. Samanja, Karkuzu, Ƙasimu Yero, Golobo, duk akwai. Waɗannan ma gyararru ne, an cire surutun, wurin dariyar kawai aka bari."

Na ce masa, "Babu waɗanda ba a taɓa ba?"

Ya ce akwai guda uku, sai dai hotonsu ya dushe, suna da nauyi, suna cinye memori, kuma ba a cika tambayarsu ba. Na biya, ya zuba mini gyararrun da marasa gyaran gaba ɗaya.

Bayan sallar isha'i muka kunna. Guntu na farko kawu ya yi dariya har da tafa hannu. Na biyu ya murmusa. Ana cikin na uku ya ɗaga mini hannu ya ce, "Dakata, ɗan nan. Ina farkon? Mi aka yi ma Samanja yake wannan faɗa? Ai ba haka kawai yake hawa kan mutum ba." Sai da na buɗe ɗaya daga cikin dusassun nan uku, kiɗan buɗe shiri ya tashi, sannan ya gyara zama. Bai ƙara cewa uffan ba har aka rubuto sunayen 'yan wasa a ƙarshe.

Tun daga wannan dare nake juya tambayar da duk mai neman tsofaffin wasannin nan zai ci karo da ita: in an miƙo maka yankakke, ka saya ko ka bari? Ba za a iya amsa ta ba sai an san wane irin abu ne wasan, da kuma abin da almakashi ke ɗauke masa.

Inda wasan ya samo tushe

Bahaushe bai jira akwatin talabijin ba kafin ya san wasan ban dariya. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon malamai da karatun abinci, akwai 'yan gambara, akwai wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, ga kuma tashe da yaran unguwanninmu ke yi daga goma ga watan azumi. Dukkansu hanyarsu ɗaya: a ɗauki halin wani da kowa ya sani, a ƙara masa gishiri, jama'a su yi dariya, mai halin ya ji a jikinsa.

Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, wannan gado ya sami sabon dandali. A 1977 aka haɗe gidajen talabijin na ƙasa a ƙarƙashin NTA, sannan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano. A tsakanin waɗannan shekaru ne aka yi wasannin da har yau sunayensu ke bakin mutane: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, Karambana na Ƙasimu Yero, Karkuzu na Bodara, Kuliya Manta Sabo da Hankaka da Ɗanwanzan daga Kano, Golobo daga ɓangaren Sakkwato. Katsina kuwa tana cikin Jihar Kaduna har zuwa 23 ga Satumba, 1987, saboda haka shirye-shiryen Kaduna na gida ne a wurinmu. Muna da namu ɗan a cikin fagen, Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda duniya ta sani da Kasagi. Duk wannan ya gabaci fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda daga kansa ake ƙirga farkon kasuwar fina-finan bidiyo na Hausa.

A wancan zamani talabijin ba ta kowane gida ba ce. Gida ɗaya a layi ke da ita, yara su cika tsakar gida ko su yi cincirindo a bakin taga. Wanda ya rasa shirin wannan mako ya rasa ke nan, sai dai a ba shi labari da safe a makaranta ko a bakin kasuwa. An shirya wasannin ne domin taron jama'a masu zaune, masu jira, waɗanda suka san tauraron tun makon jiya.

Zubi da tsarin wasan

Abubuwa uku ne suka riƙe wannan nau'i na wasa, kuma kowannensu yana da ruwa da tsaki a maganar yanka.

Na farko shi ne tauraro mai tsayayyen hali. Samanja Samanja ne a kowane mako: tsawa, Hausar bariki, son a bi doka ko da dokar ta zo a karkace. Usman Baba Pategi soja ne na gaske kafin duniya ta san shi da wasa, shi ya sa tafiyarsa da tsayuwarsa ba na aro ba ne. Mai kallo ba ya jiran halin ya canja. Abin da yake jira shi ne ya ga wace sabuwar rigima za ta faɗo wa wannan hali da ya riga ya sani. Wato rigimar ce sabon abu a kowane mako, kuma a farkon shiri ake ƙulla ta, daidai wurin da mai yanka ke fara sa almakashi.

Na biyu shi ne tafiyar hawainiya da gangan. Abin da yaron rumfa ya kira surutu, shi ne sallama da gaisuwa da kewaye-kewaye. A ɗauki misali: mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar wanda yake bi. An shimfiɗa tabarma, an tambayi iyali, an tambayi gajiya, an tambayi sanyi, an koma an sake tambayar iyali. Su biyun sun san abin da ya kawo baƙon, mai kallo ma ya sani, amma ba mai son ya fara ambata. Kowace gaisuwa da maigidan ya ƙara, dabara ce ta jan lokaci, kuma dariyar mai kallo taruwa take yi a ciki kamar ruwa a bayan madatsa. In aka yanke wannan duka aka fara daga inda aka cakumi wuyan riga, abin da ya rage shi ne mutum biyu suna hayaniya. A cikin gaisuwar Bahaushe ake gane wane ne babba, wane ne ke jin kunyar wani, wane ne ke ɓoye magana. 'Yan wasan nan sun san haka, da shi suka yi gini.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne yawancin wasannin ba a rubuce suke kalma bayan kalma ba. Mai shiryawa kan kawo ƙashin labari, a zauna a tattauna, a raba wa kowa matsayinsa, sannan kowane ɗan wasa ya sa nama da bakinsa a gaban kyamara. Wannan ya bambanta su da Kulɓa Na Ɓarna na Kasagi, wanda aka buga littafinsa a Zariya a 1979, ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina kuma malami a Midil ta Katsina, wanda aka mayar wasan talabijin a Kaduna alhali littafin na hannun kowa. Waɗannan ko kaset ya ƙone, matani yana nan. Amma wasan da aka ƙirƙira nan take, kaset ɗin shi ne littafinsa, kuma sau da yawa kwafi ɗaya ne tak. Wanda ya yanke minti goma daga cikinsa ya yar, daidai yake da wanda ya yage ganye goma daga littafin da babu irinsa a duniya.

Akwai kuma abin da ke bayan dariyar. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar sojan Nijeriya daga kimanin mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000. Bayan yaƙi soja ya cika gari, yana haya a unguwa, yana ciniki a kasuwa, kuma shi ke mulkin ƙasa. A irin wannan yanayi ne talaka ya sami wuri ɗaya da zai kalli mai kaki ya yi masa dariya ba tare da fargaba ba, ya kuma ga cewa shi ma mutum ne mai iyali da bashi da na gaba da shi da yake tsoro. Wannan ma'ana a cikin cikakken shiri take zaune, inda ake ganin Samanja a fagen fareti sannan a gan shi a cikin gida. Guntun minti biyu ba ya iya ɗaukarta.

Yanka iri uku

Ba kowane yanka ne laifin mutum ba, saboda haka ya kamata a rarrabe.

Akwai yankan ƙaddara. Kaset na da tsada a wancan zamani, kuma al'ada ce a gidajen talabijin da yawa a duniya a goge tsohon shiri a ɗauki sabo a kansa. Wanda ya tsira daga gogewa sai ya haɗu da zafin bazara, ƙurar hunturu da laimar damina. Da yawa daga abin da ke yawo a yau daga kaset ɗin bidiyo na gida aka kwafo shi, wanda wani mai sha'awa ya ɗauka lokacin da ake nunawa, wataƙila wuta ta ɗauke masa a tsakiya. Ko BBC ta Ingila ta goge ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960 da 1970, ta dawo tana cigiya. A 2013 aka ba da sanarwar gano kashi tara na shirinta Doctor Who da suka ɓace, kuma a wata tashar talabijin da ke Jos aka same su. Irin wannan giɓi ba a zargin kowa a kansa. Da babu gara ba daɗi.

Akwai yankan kasuwa, wanda shi ne ya fi yawa a rumfunanmu da kuma YouTube da TikTok. Ana datse shirin rabin awa ya koma minti uku domin ya yi sauƙin turawa. Ana cire kiɗan buɗewa, ana cire sunayen ƙarshe. Ana manna tambarin mai shago ko na mai tasha a tsakiyar hoto. Wani ya ɗora sabon kiɗa, wani ya liƙa sautin dariya da na'ura, kamar mai kallo bai san inda zai yi dariya ba sai an nuna masa. Tsohon hoton talabijin kusan murabba'i ne. Domin ya cika fuskar waya sai a datse gefe da gefe ko sama da ƙasa. A wasan da rabin daɗinsa ke fuskar wanda ake yi wa faɗa, in aka datse shi daga hoto an kashe rabin wasan. Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka, da aka fitar da zangon farko na wasan barkwancin WKRP in Cincinnati a faifai a 2007, an musanya waƙoƙi da yawa da ke ciki saboda tsadar haƙƙin mallaka, masoyansa suka yi ta ƙorafi, sai a 2014 wani kamfani ya sake fitar da shi da mafi yawan waƙoƙin asali. A 2019 Disney+ ta sa tsofaffin kashin shirin The Simpsons da hoto datsattse har wasu abubuwan dariya suka fita daga fuska, aka matsa mata lamba, ta dawo da siffar asali a 2020. Darasin da ke nan shi ne mai saye in ya san abin da aka rage masa ya kuma buɗe baki, kasuwa takan gyara.

Na ukun shi ne yankan kunya, kuma shi ne ya fi wuyar hukunci. Zamani ya juya. Tun daga shekarar 2000 da wasu jihohin Arewa, har da Katsina, suka ƙaddamar da shari'a, da 2001 da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ma'aunin abin da ya dace a nuna ya canja. A tsohon wasa ana iya ganin mashayi da kwalbarsa, ko ɗan bori, ko zaman gidan mata masu zaman kansu, ko kwaikwayon Hausar wata ƙabila. Uban da ya ce ba ya son ƙananan 'ya'yansa su ga wasu daga cikin waɗannan yana da gaskiyarsa, kuma ba mai hana shi tace abin da zai shiga gidansa. Sai dai a tuna, mashayin da ke tsohon wasa ba don a yabe shi aka kawo shi ba. A ƙarshen shiri ake ganin inda giyar ta kai shi. In an cire shi, an cire wa'azin tare da shi, garin neman gira an rasa ido.

Maganar kwaikwayon harshe kuwa tana buƙatar natsuwa. Ƙasar Hausa tana da tsohuwar al'adar wasa tsakanin al'ummu: Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa. Shi kansa Samanja Banufe ne daga Pategi, abokin wasanmu ne mu Katsinawa tun kafin ya sa kaki. A cikakken shiri, wanda aka yi wa dariyar gurɓatacciyar Hausa sau da yawa shi ke fita da gaskiya, wanda ya raina shi ya kunyata. In aka tsinko wurin kwaikwayon kaɗai aka watsa a waya, wasa ya koma zagi, kuma yaron da bai san al'adar ba zai ɗauka haka iyayensa suke raina mutane. Wato a nan yankan ne ke haifar da abin kunyar da ake cewa ana gudu. Ingila ta gwada hanya biyu a kan wannan a Yunin 2020: an janye wani kashi na wasan barkwancin Fawlty Towers saboda kalaman wariyar launin fata da wani tsoho ke furtawa a ciki, bayan 'yan kwanaki aka mayar da shi tare da gargaɗi a farkonsa. Hanya ta biyu ta fi: a bar abu yadda yake, a gaya wa mai kallo zamanin da aka yi shi.

Sunayen da ake cirewa

Cikin duk abin da ake yankewa, babu wanda ya fi ci mini rai kamar sunayen ƙarshe. Minti ɗaya ne kacal, amma a nan ne kaɗai ake sanin wanda ya tsara labari, wanda ya riƙe kyamara, da sunan matar nan da ta fito a matsayin uwargida shekara da shekaru alhali ba a taɓa buga hotonta a jarida ba. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi a Nuwamban 2023, Abdullahi Shu'aibu Karkuzu a Jos a 2025. Allah Ya jiƙansu da rahama. Waɗanda za a tambaya su faɗi wane ne wane a cikin hoto suna ƙarewa. Mun kuma ga yadda wasu 'yan wasan wancan zamani suka tsufa cikin rashi har aka riƙa nema musu taimako a kafafen sadarwa, alhali fuskokinsu na cikin dubban wayoyi. Kuɗin da na ba yaron rumfa ladan turawa ne. Ko kwabo ba zai isa gidan mai wasan ba. In ba mu iya mayar musu da kuɗi ba, mafi ƙarancin haƙƙinsu a kanmu shi ne a bar sunansu a jikin aikinsu.

To, a saya ko a bari?

Hukuncina ya rabu gwargwadon yankan. Wanda ƙaddara ta gutsure, a saya a adana, domin mai yiwuwa shi kaɗai ya rage. Wanda aka tace domin yara, babu laifi in mai sayarwa ya faɗa a fili cewa tacacce ne, kuma cikakken yana nan ga mai so. Amma wanda aka daddatsa aka bar wurin dariya kaɗai, aka shafe sunaye, aka ɗora baƙon kiɗa, ban ga dalilin ba da kuɗi a kansa ba matuƙar akwai cikakke, ko da hotonsa ya dushe. Duk wanda ya saye shi yana koya wa mai rumfa cewa cikakken ba shi da kasuwa, kuma ranar da kwamfutarsa ta cika, dusassun nan uku zai fara gogewa.

Kada a yi cinikin biri a sama. Kafin ka biya, ka ce a buɗe maka. Ka duba tsawonsa: shirin mako galibi kusan rabin awa ne, in ka ga minti huɗu ka san guntu ne. Ka ja shi farko ka ji ko akwai kiɗan buɗewa, ka ja shi ƙarshe ka ga ko akwai sunaye. Ka duba ko kawunan mutane sun cika a hoto. Sannan ka tambayi mai rumfa da bakinka, "Akwai cikakkensa?" Tambayar kanta tana da amfani, domin ɗan kasuwa abin da ake tambaya yake ajiyewa.

Gyara na gaskiya yana yiwuwa, an ma yi shi a kan fim ɗin Hausa. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka tsabtace hoto da sauti tare da wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wannan shi ne gyara: a wanke abu a mayar da shi yadda mai shi ya yi shi.

Kirana ga gidajen talabijin da rediyo da ke Katsina, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da masu nazarin Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ne su haɗa hannu su buɗe ma'ajiya guda inda za a tattara cikakkun wasannin nan, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan kowane ɗan wasa tun masu iya shaida su suna raye. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon akwati a ɗakin mahaifinka mai cike da kaset ɗin bidiyo, kada ka bari a zubar ko a ba yara su warware zaren. Ka kai a juye maka shi ɗungurungum, daga kiɗan farko har sunan ƙarshe, ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Tsohuwar zuma da ita ake magani, amma sai an adana ta.